Ƙusa a Cikin Bututun Birki

A ƙarshen watan Yuli aka kawo mini motar. Hilux ce tsohuwar yayi mai gida ɗaya, irin waɗanda ke jigilar taki da 'yan ƙwadago a gonakin masara na wajen Saminaka. Na san motar, na san mai ita. Direban yaro ne da bai wuce shekara 22 ba. Ya ce mini, "Oga, birki ne yake nutsewa, sai na taka biyu ko uku kafin ya kama." Na sa yara suka ɗaga ta, muka cire ƙafar baya ta dama. Durom ɗin jiƙe yake sharkaf da man birki, layinin ya sha mai har ya yi baƙi, silindar ƙafar tana ɗiga. Bututun ƙarfen da ya bi ta kan agzil kuwa tsatsa ta cinye shi daidai inda laka take maƙalewa, da farce na kankare shi yana ɓarɓashewa.

Na kira mai motar a waya. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, motar nan ba ta shiga daji a haka. Silinda biyu na baya, layinin, bututu, sannan a juye man birkin gaba ɗaya. Ka bar mini ita zuwa jibi."

Ya ce, "Haba Malam, ana tsakar zuba taki za ka riƙe mini mota? Ɗan lallaɓa mini ita kawai, bayan kaka a yi mata babban gyara."

Na ce, "Alhaji, ana lallaɓa fitila, ana lallaɓa ƙofa. Birki ba a lallaɓa shi."

Ya ce to, a ba yaro makulli. Na ba shi, don motarsa ce.

Sauran labarin, wani daga bakin direban na ji shi a gadon asibiti, wani kuma motar ce da kanta ta nuna mini bayan an jawo ta. Daga garejina bakin titi direban ya nufa, wurin wani mai akwatin sifana a gindin bishiya. Shi ko ƙafa bai cire ba. Ya shige ƙarƙashi, ya kwance bututun da ke kai mai zuwa baya, ya cusa ƙusa a bakinsa, ya mayar ya ɗaure, ya cika kofin mai. Direba ya taka, birki ya yi tauri tun daga sama. Ya kira maigidansa ya ce an gyara, cikin minti ashirin, da kuɗi kaɗan. Alhaji ya ce ai dama ya san abin bai kai yadda na faɗa ba.

To dole ya yi tauri mana! Man ba shi da inda zai zuba, domin ba ya zuwa baya kwata-kwata. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a aikin irin waɗannan mutanen: ba gyara suka yi ba, alamar cutar suka ɓoye. Da birki yana nutsewa, yaron yana tsoron motar, yana tafiya a hankali. Da ya ji tauri a ƙafarsa sai ya saki jiki, alhali tayoyi biyu ne kaɗai suke tsayar da motar.

Washegari da sassafe aka yi lodi. Buhu 30 na yuriya, kowanne kilo 50, kilo 1,500 ke nan. A kan buhunan mutum 8 suka hau, maza da mata, sai ka ƙara wajen kilo 500. Motar da aka ƙera don ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba, har da nauyin direba, aka ɗora mata ninkinsa. Ba ta durƙusa ba, saboda tun bara Alhaji ya sa an ƙara mata ganyen sifirin bibbiyu a kowane ɓari. Ido yana ganin mota a tsaye ƙyam, sai a ce ta ɗauka. Sifirin ne ya ɗauka. Birki da taya da agzil suna nan yadda kamfani ya ƙera su.

An kwana ana ruwa. Hanyar gonar jar ƙasa ce, akwai wani gangare mai tsawo da ke sauka zuwa rafi, a ƙasansa kwalbati ce mai faɗin mota ɗaya. Yaron bai sa ogzilari ba, wato giyar da ke jan ƙafafu huɗu, bai ko sauka ya murɗa makullin ƙafafun gaba ba. Da ya hau kan gangaren sai ya cire giya ya bar ta a firi, domin a gidan Alhaji a aune ake ba shi mai, abin da ya rage nasa ne. Mota ta ɗauki gudu. Ya taka birki. Tayoyin gaba suka ƙame a kan laka, kuma taya in ta ƙame ba ta jin sitiyari. Ya ce mini yana murɗawa dama, motar tana tafiya sak. Baya kuwa babu abin da yake riƙe shi, tan biyu na turo shi. Ƙafar hagu ta faɗa zaizayar da ruwa ya yi a gefen hanya, lodin da ke sama ya rinjaya, motar ta kife.

Waɗanda ke can saman buhuna ta watsar da su cikin ciyawa, Allah ya kiyaye su da ƙurjewa. Wata mata ta karye a ƙugu, har yau ba ta koma gona ba. Direban bai ɗaura bel ba, ya bugi gilas, ƙashin wuyansa ya karye. Akwai wani yaro ɗan shekara 15, hutun makaranta ne ya zo ƙwadago don ya haɗa kuɗin littattafai. Shi a tsakiya ya zauna, a ɗan lungun da ke tsakanin buhuna da bayan gidan direba, wai nan ya fi tsaro. Buhunan a kansa suka zube. Kafin mutanen da suka iya tashi su ɗage su, ya daina numfashi.

Na je ta'aziyya. Mahaifinsa dattijo ne, bai ce komai ba sai, "Kwanansa ne ya ƙare." Haka ne, Baba, kuma Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma da aka jawo motar garejina, da hannuna na kwance bututun nan, ƙusar ta faɗo a tafina, 'yar inci biyu, irin ta kafinta. Addininmu bai ce a toshe birki a ɗora wa mota ninkin kayanta sannan a ce an yi tawakkali ba.

Ga abin da nake so kowane mai gona da kowane direban daji ya ji. Birkin da ke ɗiga, mota ta tsaya har a gyara. Ba a ɗora mutum a kan lodi. Ba a sauka gangare a firi. Ogzilari yana taimaka maka ka tafi, ba ya ƙara maka birki.

Abin da ke cutar waɗannan motoci sunan da suka yi ne. Tun 1968 Toyota ke ƙera Hilux, Land Cruiser samfurin 70 kuma tun 1984, kuma kowa ya ji labarin yadda suke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da kaya har sama. Sai maigida ya ɗauka motarsa ba ta buƙatar komai sai mai. Amma ku tambayi direban Agadas na gaske. Kafin ya tashi sai ya kwanta ƙarƙashin motarsa ya taɓa kowane noti, ya ɗauki ganyen sifirin da fambel da taya biyu na ko-ta-kwana, domin ya san inda za shi babu gareji. Mu kuma a nan mota za ta yi damina biyu cikin laka ba a taɓa matsa mata giris a farfela ba, sai ranar da ta fara ƙugi a kawo mini a ce jiya-jiya ta fara.

Maganar ƙarin sifirin ɗin nan, bari in ɗan tsaya a kanta, domin ko ba a toshe bututu ba tana da nata sharrin. A tsofaffin Hilux da Land Cruiser akwai wani bawul a kusa da agzil na baya, da ɗan sandan ƙarfe da ke haɗa shi da agzil ɗin. Aikinsa ya ji yadda bayan mota ya durƙusa, ya saki ƙarfin birki zuwa baya daidai da nauyin lodi. In ka ƙara ganye bayan ya ɗaga sama, bawul ɗin zai ɗauka motar fanko ce ko da buhu 20 a cikinta, ya rage wa baya birki daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Mai ƙara sifirin bai san da wannan ba, ko ya sani bai damu ba. Wasu ma sun tsinke sandan sun ɗaure shi da waya. Na gani, ba sau ɗaya ba.

Gangare mai laka ko mai duwatsu, ka tsaya tun daga sama. Ka sauke mutane su taka da ƙafa, babu wanda zai mutu don ya yi tafiyar minti biyar. Ka kulle ƙafafun gaba, ka sa ƙaramar ogzilari, giya ta ɗaya, ka ɗauke ƙafarka daga kuloci, inji ya sauko da kai. Sak za ka sauka, kada ka ratsa gangare a karkace da lodi a sama, ta nan mota take kifewa. In ka fito kwalta kuma ka cire ogzilarin. Irin waɗannan motocin ba a yi su don tafiya da shi a busasshen titi ba, farfela da giyar tsakiya ne za su biya kuɗin. Masu gona kuma, don Allah ku daina auna wa yara mai yadda sai sun saki giya kafin su samu na abinci. Man da ake cetowa a gangare bai kai kofi ɗaya ba.

Man birki yana shan danshi daga iska, shekara 2 a juye shi. DOT 3 ko DOT 4, abin da ke rubuce a kan murfin kofin, daga gwangwani a rufe. Wanda ya zuba maka ruwan omo ko baƙin mai a kofin birki don ka ƙarasa gida, robobin masta ya kashe maka, kuma ƙila kai ma.

Ruwa. Duk damina sai an jawo mini motar da ta sha ruwa ta hanci, kon rod ya lanƙwashe, inji ya tashi aiki, don direba ya ga babur ya wuce jiya ya ce shi ma zai wuce yau. Rafin da ka sani da rani ba shi ne na watan Agusta ba. Ruwa mai gudu da ya kai wajen santimita 60, wato ya ɗan haura gwiwa, yana iya tafiya da mota irin wannan. Ka sauka ka shiga da sanda. In ba ka iya tsayawa a cikinsa da ƙafarka ba, motar ma ba za ta iya ba. In ka haye, ka ɗan danna birki kana tafiya har ya bushe kafin ka ƙara gudu. In ka koma gida a buɗe man agzil a duba. In ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a juye a ranar.

Taya kuma, na gaji da faɗa. Mai faci ya buga ta da ƙarfe ya saurara ya ce ta yi, ka auna ka tarar iskar ta kai 60. Adadin iskar yana nan a maƙale a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka sayi geji naka ka ajiye a mota. A yashi ana rage iska zuwa wajen 20, amma a mayar kafin a hau kwalta. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, kamar 2319, sati na 23 na shekarar 2019 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana cewa shekara 4 ne ran taya. Tayoyin kwantena da ake saye don araha, da yawansu sun ninka haka kafin su iso. Kada a haɗa babbar taya a baya da ƙarama a gaba a motar ogzilari.

In mota ta kafe ana ja, mutane su matsa nesa da igiyar, kuma kada a ɗaura a ƙwallon jan tirela, yana ɓallewa. Bel a ɗaura ko a cikin gona ne. Fitilar ruwa a man gas in ta kama, a tsiyaye, ba a liƙa mata salatif a rufe ba. Kada a ba yaron mota makulli ya kai kaya gona don direba ya tafi kasuwa.

Kuma ina sake faɗa, mutane ba sa hawa kan buhu. In motar ɗaya ce, a yi sawu biyu, taki daban, mutane daban.

Duk wanda ya sayi motar daji ta hannu, ko aka taɓa masa birki a wurin da bai yarda da shi ba, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. A sa wa ƙafafun gaba dutse, a ɗaga baya da jak, a saki birkin hannu. Wani ya zauna ya taka birki ya riƙe. Kai kuma ka kama tayar baya ka juya ta da hannu, dama da hagu, kowacce daban. In ta juya, a bi bututun tun daga masta har ƙafa a nemo abin da aka sa a ciki, kuma kada motar ta fita ƙofar gida sai an same shi.