Kafin Kuɗin Gida Su Tafi a Sandunan Golf

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya daɗe a ƙasar nan. Filin Rayfield na Jos yana nan tun 1913, akwai filaye a Kano da Kaduna, ga kuma na IBB a Abuja. Abin da ke damuna shi ne yadda sabon shiga ke zuba kuɗin da za su ciyar da gida wata da watanni a kan sandunan da ya gani a hannun gwanaye a talabijin, ya yi ta fama da su, ƙarshe ya jingine jakar a lungu ya ce wasan ba nasa ba ne. Alhali sanda ce bai zaɓa daidai da hannunsa da ƙasar da yake takawa ba. Ga abin da nake ba maigida shawara, ko don kansa zai saya, ko don uwargida, ko don yara.

1. Kada ka cika jaka tun ranar farko. Dokar wasan, wadda hukumar R&A ta Sikotilan da takwararta USGA ta Amurka ke kula da ita, ta ce kada ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14. Iyaka ce aka sa, ba wajibi ba. A gasar Open ta 2001 an ƙara wa Ian Woosnam bugu biyu na hukunci don an sami sanda 15 a jakarsa. Mai koyo sanda bakwai ko takwas sun ishe shi shekara guda cur: ɗaya ta bugun nesa, ƙarafa masu lamba 5 da 7 da 9, weji biyu, da sandar gangara ƙwallo cikin rami. Seve Ballesteros na Sifaniya da sanda ɗaya tak, mai lamba 3, ya koyi wasa yana yaro a bakin teku a garinsu Pedreña.

2. San abin da ake kira weji. Sunansa ɗaya da wejin da kwandasta ke tura wa tayar mota a gangare, don siffar kansa ke nan. Shi ne sandar da fuskarta ta fi kwanciya, aikinsa ya ɗaga ƙwallo sama ya sauke ta ta tsaya kusa da rami. Iri huɗu ne, ana gane su da harafi ko lambar da aka buga a gindinsu. Mai harafin P kwanciyar fuskarsa kan kama daga digiri 44 zuwa 48. Mai G ko A, wanda ke cike giɓi, 50 zuwa 52. Mai S, na ramin yashi, 54 zuwa 56. Mai L, wanda ke cilla ƙwallo sama sosai, 58 zuwa 60. Yawancin bugun da ke ɓata wa mutum lissafi a cikin yadi 100 na ƙarshe ake yin su, shi ya sa na fi son a yi tsanaki a nan fiye da wurin sayen babbar sandar da kowa ke ɗokin nunawa.

3. Fara da tambayar digirin wejin P da ke cikin jerin ƙarafanka. Kamfanoni a yanzu suna rage kwanciyar fuskar ƙarafa don ƙwallo ta ƙara nisa, har ka sami P mai digiri 43 ko 44. Idan ka ɗora masa S mai 56 kawai, ka bar giɓin digiri 12, wato akwai tazarar da ba ka da sandarta: wannan ya wuce rami, wancan bai kai ba. A bar digiri 4 zuwa 6 tsakanin weji da weji. Mai P na 44 ya nemi 50 da 56. Mai P na 46 ya nemi 52 da 58, ko 50 da 54.

4. Dubi gindin sandar kafin fuskarta. Wannan ita ce shawarar da na fi riƙewa, kuma ita ce mai sayarwa ya fi tsallakewa. Idan ka kifa weji za ka ga gindinsa na da tudu, bayansa ya fi bakinsa sauka ƙasa. Da digiri ake auna tudun nan shi ma, shi ne ƙaramar lambar da ke kusa da babbar, misali 56 da 12, ko 58 da 6. Gene Sarazen aka fi danganta wa wannan dabara: ya narka dalma ya ƙara a gindin sandarsa don ta daina nutsewa cikin yashi, ya kuma ci gasar Open ta 1932 a Ingila da ita.

Amfanin tudun a fili yake. A cikin yashi mai laushi ko ciyawa mai dausayi, sandar da ba ta da tudu sara take yi kamar fartanya, ta kafe a ƙasa, ƙwallo ta ɗan yi tsalle ta faɗi gabanka. Mai tudu kuwa sulɓewa take yi ta ƙarƙashin ƙwallo. To amma juya lamarin zuwa ƙasarmu a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da fili ya bushe ya koma tamkar daɓe. Babban tudu zai bugi ƙasa ya yi tsalle, bakin sandar ya sami ƙwallo a cikinta, ta tafi a guje ta wuce rami da nisa. Mutum ya yi ta zargin hannunsa, alhali sandar da aka ƙera don dausayin Turai ce yake bugawa a kan fako.

Saboda haka mai wasa a filin da ke bushewa rabin shekara ya nemi aƙalla weji ɗaya mai ƙaramin tudu, digiri 4 zuwa 8, don rani da hunturu. Na yashi kuma ya zama mai 10 zuwa 12, zai yi masa aiki a ramin yashi da kuma damina. In kuɗin guda ɗaya kawai ke akwai, 56 mai tudu 8 zuwa 10 shi ne tsaka-tsaki. Salon bugunka ma yana da ta cewa: mai saran ƙasa da zurfi ya fi bukatar tudu, mai sharar ƙwallo ta sama-sama ƙarami ya fi masa.

5. Bar wejin digiri 60 sai hannunka ya faɗa. Phil Mickelson ya yi suna wajen cilla ƙwallo da irinsa, har da mai 64, amma tun yarinta yake gwada wannan bugu. A hannun mai koyo, kuskuren faɗin yatsa ya isa ya lalata komai.

6. Kayan gwanaye don gwanaye aka yi su. Ƙarafan da yawancin manyan 'yan wasa ke so siraran kai ne, bayansu a cike, ana ƙera su da ƙarfe mai taushi, irin waɗanda kamfanin Mizuno ke bugawa a Hiroshima ta Japan. Daɗin bugunsu ba a magana idan ƙwallo ta sami tsakiyar fuska, amma da ta kauce kaɗan, hannu zai yi zogi, nisa ya ragu. Karsten Solheim, wanda ya kafa Ping, shi ya yaɗa ƙarafa masu rami a baya, inda aka kwashe nauyi aka kai gefe-gefe don sanda ta yafe kuskure. Waɗannan su ne na mai zuwa fili ranar Asabar kawai. Ga kuma wani abin lura: ƙarfe mai taushi ya fi saurin cinyewa a ƙasa mai tsakuwa. Kayan aro ba ya rufe katara, haka sandar da aka auna da hannun wani.

7. Ƙotar ma a duba. Akwai ta ƙarfe, akwai ta girafait mai sauƙin nauyi, kuma ana rubuta ƙarfin lanƙwasarta da harafi: L, A, R, S, X, daga mai laushi zuwa mai tauri. Yawancin magidanta R ta dace da su, dattijo A, mata da yawa L. Mai X sai wanda hannunsa ke da gudun gaske. Bahago ya tabbata na hagu ya saya, kuma ya yi haƙuri, sun fi wuyar samu.

8. Gwanjo ba abin kunya ba ne, amma weji shi ne wurin taka-tsantsan. Ƙarafa da sandar rami na hannu za su iya yin shekaru suna aiki. Shi kuwa weji rayuwarsa na cikin tsagogin fuskarsa, su ke kama ƙwallo su murza ta ta tsaya. Kamfanin Titleist, mai wejin Vokey, yana ba da shawarar a duba su bayan zagayen fili kamar 75. Ja farcenka a kan tsagogin: in ya kama, da sauransu, in ya zame, ko ka ga tsakiyar fuskar ta yi santsi tana sheƙi, ajiye. Tsatsa kaɗai ba aibi ba ce, akwai wejin da da gangan ba a shafa masa komai ba.

Jabu kuma ya yi yawa, musamman a sayayyar intanet. Sabuwar Callaway ko TaylorMade ko Cleveland da aka karya mata farashi fiye da hankali abar tuhuma ce. Kwatanta rubutun da fentin da na wata da ka tabbatar, ka auna nauyinsu a hannu. Mafi alheri, ka tafi da malamin wasa na filinku ko wani tsohon mai ɗaukar jaka. Waɗannan bayin Allah sun riƙe sanduna fiye da duk wani mai shago, sun kuma san wadda ke aiki a filin.

9. Gwada kafin ka biya. Buga ƙwallo goma da kowace, a kan irin ƙasar da za ka yi wasa, ba a kan tabarmar roba kaɗai ba, don tabarma na ɓoye laifin tudu. Kada ka duba wadda ta fi nisa sau ɗaya. Duba wadda ƙwallayenta suka taru wuri guda.

10. Kada a yanke wa yaro sandar babansa. Kan ya yi masa nauyi, ƙotar da aka gajarta ta ƙara tauri, sai ya koyi bugu a karkace. Akwai na yara da ake sayarwa bisa tsayinsu. Uku sun isa, kuma in ya girma ƙaninsa ko ƙanwarsa ta gada.

11. Zafi ne babban abokin gabar kayan nan a wurinmu. Jakar da ta wuni a but ɗin mota a watan Afrilu, mariƙin robarta zai bushe ya yi santsi, gam ɗin da ya haɗa kai da ƙota kuma ya yi rauni. A shigar da ita ɗaki. Bayan kowane wasa a wanke tsagogin da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori, a goge da tsumma, a bar su su bushe kafin a mayar jaka, musamman da damina. In mariƙi ya fara zamewa a tafin hannu, a sauya shi kaɗai, kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da sabuwar sanda.