Darasi: Injin Tsotsar Miki da Aikin Mai Jinya

Wani lokaci bayan babbar tiyata ɗinki yakan warware, miki ya buɗe, ya yi zurfi, ya ƙi haɗuwa. Wannan ya fi samun masu ciwon sukari, da masu ƙiba, da tsofaffi, da waɗanda rashin abinci ya ramar. Irin waɗannan majinyata a arewacin Gana akan tura su Asibitin Koyarwa na Tamale. Ɗaya daga cikin dabarun da likita zai iya zaɓa ita ce tsotsar miki da inji.

Yadda yake aiki

Masana biyu a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su ne suka bayyana wannan dabara a rubuce a shekarar 1997. Da farko likita yakan yanke mataccen nama. Sai a cika ramin da soso na musamman ko gozi, a rufe shi ruf da leda mai manne, a haɗa tiyo zuwa inji. Injin yana jan iska a hankali, galibi a kan lamba 125. Jan nan yana kwashe ruwa da mugunya zuwa cikin kwalba, yana rage kumburi, yana matso da bakin mikin, sabon jan nama kuma ya tsiro daga ƙasa. Akan canja soson bayan kwana biyu ko uku. Inda injin kamfani ya yi tsada, asibitoci da yawa a Afirka suna haɗa tiyon da injin tsotsa na asibiti.

Ba kowane miki ake sa wa ba. Ba a sa shi a kan ciwon daji, ko ƙashin da ya kamu ba a yi masa magani ba, ko jijiyar jini da ke a fili. In majinyaci yana shan maganin tsinka jini, ku gaya wa likita tun kafin a fara.

Aikinku, masu jinya

Injin ba ya amfani sai ledar tana manne, shi kuma yana tafiya dare da rana. Ku ne ke kusa da gado, don haka ku lura da abubuwa huɗu.

1. Leda. In tana manne, soson yakan shanye ya yi tauri. In ya kumbura ya yi laushi, ko kun ji iska tana fita, ku kira nas.

2. Wuta. Mun san halin dumsor. In injin ya tsaya, ku duba agogo. Kada soso ya wuce awa biyu a cikin miki ba tare da tsotsa ba, domin ƙwayoyin cuta za su hayayyafa a ƙarƙashin leda. Nas zai cire shi ya ɗaure mikin yadda aka saba.

3. Kwalba. Ruwa mai ɗan ja-ja ba abin tsoro ba ne. Amma in kun ga jan jini yana cika kwalba da sauri, ku kashe injin nan take, ku danne wurin da hannu, ku kira taimako. Zazzaɓi, wari, ko zafin da ke ƙaruwa, su ma a sanar da nas.

4. Abinci. Ruwan da injin ke kwashewa yana tafiya da sinadarin gina jiki. Tuwo kaɗai ba zai mayar da shi ba. A ƙara wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da ganyen zogale. Mai ciwon sukari kada ya fasa shan maganinsa, gama sukari mai yawa yana hana miki warkewa.

Kada ku ɗaga leda don ku leƙa, kada kuma ku zuba garin magani ko man kaɗanya a ciki. Warkewa takan ɗauki makonni. Idan ramin ya cika da jan nama, likita zai ɗinke shi, ko ya ɗauko fata daga cinya ya rufe.

Tambayoyi

1. Awa nawa soso zai iya zama in injin ya tsaya?
2. Me za ku fara yi in jini ya cika kwalba?