Jigawar da Ke Tsare Teku

Yara, kun san jigawa, wato tudun rairayi wanda iska ke tarawa. To, a bakin teku ma akwai irinta, kuma aikinta babba ne. Ita ce ganuwar da ke raba ruwan gishiri da ruwan daɗi. Bari ku ji abin da ya faru da wata ƙasa ta huda tata ganuwar.

A ƙasar Sanagal, arewa da Dakar, akwai wani tsohon birni wai shi San Luwi, a bakin Kogin Sanagal. Kogin nan in ya iso birnin ba ya faɗawa teku nan take. Wata siririyar jigawa ce ta tare shi, sai ya bi bayanta kudu kamar kilomita 30, sa'an nan ya shiga teku. Saboda haka mutanen ƙauyukan bayan jigawar suna shan ruwan rijiya mai daɗi, suna noman albasa a lambunansu.

A watan Oktoba na 2003 kogin ya cika ya batse, ruwa ya fara shiga gidajen birnin. Hukuma ta sa aka haƙa wata 'yar hanya a jikin jigawar, faɗinta mita 4 kacal, don ruwa ya sami mafita. Da farko dabarar ta yi, ambaliya ta janye, kowa ya yi murna.

Ashe an gudu gara ne an faɗa gidan zago. Rairayi ba dutse ba ne. Kogi na zaizayarsa ta ciki, igiyar teku na cinsa ta waje. Cikin 'yan kwanaki faɗin hanyar ya kai mita 200, a 2020 kuwa ya wuce kilomita 5. Ƙofar da aka buɗe wa kogi ya fita, ta nan teku ta shigo.

Gishiri kuwa abokin gaban shuka ne. In ya yi yawa a ƙasa, saiwa ba ta iya jan ruwa, sai tsiro ya mutu da ƙishirwa alhali yana cikin laima. Haka itatuwa suka bushe a tsaye. Rijiyoyin yankin Ganjol suka zama na zartsi, lambuna da yawa suka lalace. Kifayen ruwan daɗi suka ragu, na teku suka maye gurbinsu. Igiyar ruwa ta riƙa cin wuraren da tsuntsaye ke yin ƙwai. Wani ƙauye mai suna Dun Baba Jeye, teku ta cinye shi, mutanensa suka tashi. Masunta da yawa kuma sun halaka a sabuwar mashigar, domin igiyarta tana kifar da jirage.

Yara, kowane abu da Allah Ya ajiye a wurinsa yana da aikin da yake yi, ko da tarin rairayi ne. Kafin a taɓa shi, a tsaya a duba abin da yake tsarewa.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka huda jigawar a 2003?
2. Ta yaya gishiri ke kashe shuka?
3. Faɗi abu uku da suka sake bayan teku ta shigo.