Mai Jego, Ƙirga Numfashin Jinjirinki

Kafin likita ya ɗauko wata na'ura, idonki da agogon wayarki sun isa su gaya miki halin da huhun jinjirinki yake ciki.

Bari sai ya yi lamo, ba ya kuka, ba ya shan nono. Ɗaga rigarsa ki ƙirga tasowar cikinsa na minti ɗaya cur. Kada ki ƙirga rabi ki ninka, domin sabon haihuwa yakan yi sauri, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Daga 30 zuwa ƙasa da 60 lafiya lau ne. In ya kai 60, sake ƙirgawa. In haka ya tsaya, a nemi Keke Napep a kai shi asibiti. Haka nan in awazunsa suna faɗawa sosai, ko yana nishi a kowane numfashi, ko hancinsa na buɗewa, ko numfashin ya ɗauke har daƙiƙa 20. Haka ma in ya yi shuɗi, amma a harshe da dasashi ake dubansa, fatarmu tana ɓoye shi.

A sashen jarirai na Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, za ki ga an ɗaura masa wani ɗan abu mai jan haske a ƙafa. Ba allura, ba ɗibar jini. Hasken ne yake ratsa fata ya auna yawan iskar oksijin da huhu ya kai cikin jini. Lafiyayyen jinjiri yakan nuna 95 zuwa sama, kuma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da 90 na buƙatar oksijin. Sanyin ƙafa da shure-shure suna ruɗa na'urar, don haka lokacin hunturu a ɗumama shi tukuna. Wadda ake maƙala wa manya a yatsa, ta kemis, ba ta yi masa daidai. Ni ban yarda da lambarta ba.

Masu bakwaini a kwalba, kada ku murɗa oksijin da kanku don tausayi. Yawansa na lalata idon bakwaini.

Iya, ke da ke zaman jego, a taimaka a fitar da garwashi da turaren wuta daga ɗakin. Kuma in numfashi ya sauya ko da tsakar dare ne, kada a kira wanzami a ce beli ne, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti.