Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ƙarshen shiri ke saɓa wa littafi?

Tambaya: Ni da ƙawayena mun yi watanni muna bin wani shiri mai dogon zango da aka ɗauko daga wani littafi da na taɓa karantawa. Da zangon ya ƙare, sai aka yanke labarin ana tsakiyar rigima, ga shi an canza abubuwa da yawa. Wasunmu sun ce an ci amanar marubuciyar. Haka ne? Daga wata mai karatu a Zinyau, ƙasar Rano.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, 'yata. Abu biyu ne suka haɗe miki, bari mu raba su.

Na farko, ƙarshen zango daban, ƙarshen labari daban. Zango shi ne jerin fitowar da ake ɗauka a haɗe, a nuna mako-mako, sannan a tafi hutu. Da gangan ake tsayawa inda rai ya fi ɗaukuwa, amarya na bakin ƙofa ko an ɗaga waya za a tona asiri. Masu shirin suna son ki dawo, don yawan masu kallo ne ke jawo talla, talla kuma ke biyan kuɗin zango na gaba. Idan kin ji mata a gidan biki ko samari a wurin mai tura finafinai a waya suna cewa "wallahi sun raina mana hankali", to dabarar ta ci.

Na biyu ya fi nauyi. Littafi yana iya shiga zuciyar mutum ya kwashe shafi biyar yana faɗin abin da take saƙawa. Kyamara ba ta ganin zuciya, sai fuska da aiki. Dole mai tsara labarin fim ya mayar da tunani magana, ko ya ƙirƙiro ƙawar da za a riƙa faɗa wa damuwa, ko ya haɗe mutum uku su zama ɗaya saboda kuɗin 'yan wasa. Ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001: abin da ya wuce a takarda ba lalle ya wuce a allo ba. Dubi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda Sumayya ta faɗa rijiya saboda auren dole. Karanta wannan a ɗaka daban ne da nuna shi a gaban yara da iyaye.

Batun amana kuwa, galibi yarjejeniya ake yi, marubuci ya ba da izini a biya shi, wani lokacin ma da shi ake aikin. Wani kuma ba ya nan balle a tambaye shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, sai a 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafinsa Shaihu Umar fim.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne masu ƙorafi. A 2019, da shirin Game of Thrones na Amurka ya ƙare, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet suna neman a sake zangon ƙarshe. Shirin ya riga littattafan George R. R. Martin kaiwa ƙarshe, don tun 2011 bai fitar da ci gaban labarin ba. Ba a sake komai ba.

Ni dai a ganina canji ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauki jarumar da aka gina a kan haƙuri da hankali, dare ɗaya a mayar da ita wata daban don kawai a ja labari. Idan haka aka yi wa taku, kuna da gaskiyar yin fushi. Idan kuwa yankewa kawai aka yi, ki ajiye littafin kusa, ki jira zango na gaba, sannan ki rubuto mana abin da kika gani.