Kafin ka rubuta ƙagaggen labarin tarihi

Shawarata ta farko gare ka ita ce ka rage buri. Kada ka ɗauko Daular Usmaniyya tun daga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Sakkwato a 1903 ka ce duk sai sun shiga littafi guda. Basasar Kano kaɗai, daga 1893 zuwa 1895, ta ishi marubuci. Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, Yusufawa, waɗanda suka ƙi amincewa da naɗin, suka fice zuwa Takai, wa da ƙane suka wayi gari kowa da ɓangarensa. Me kake nema da ya wuce wannan?

Sai dai kada ka ɗora labarin a wuyan sarki. Jikokin waɗannan mutane suna nan da ransu, wasu ma suna riƙe da sarauta, kuma ba za su ji daɗi ka sa wa kakansu maganar da bai faɗa ba. Ko babu wannan, adalci ga mamaci wajibi ne. Ƙirƙiro naka mutumin: marini a Ƙofar Mata, ko baiwa a gidan wani hakimi, ko almajirin da yaƙi ya raba da malaminsa. Shi kana da ikon sa shi kuka, ka sa shi ƙarya, sarakuna kuwa a hango su daga nesa suna aikata abin da tarihi ya tabbatar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi wannan hanya a Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934. Ta bakin yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa, ya nuna mana cinikin bayi har muka ji shi a jika.

Bincike kuwa ba makawa. Je ka Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, amma ka tuna rahoton Bature da idon Bature aka rubuta shi. Haɗa da bakin dattawa da maroƙa da masu kirari. Abin da za ka fi nema shi ne ƙananan abubuwa: a wancan zamani da kuɗin wuri ake ciniki, fatake na sauka a zango ƙarƙashin madugu, lokaci da azahar da la'asar ake auna shi. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, saboda haka kada jaruminka ya ji kukansa ana tsakiyar basasa. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa mai karatu ya daina yarda da kai. In ka tara bayanai, ka daure ka bar mafi yawansu a aljihu. Labari mutane suka zo ji.

Wajen bugawa ne gwiwa kan yi sanyi. Irin wannan littafi ba ya tafiya a kasuwa kamar na soyayya, kuma galibi da kuɗinka za ka buga. Ba wa masanin tarihi ya duba, sannan wani daban ya tace ƙa'idojin rubutu. Tsaya a kan mai ɗab'i har sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu a gwajin ƙarshe. Nemi lambar ISBN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Fara da kwafi kaɗan, ka kai wa malaman Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi, domin in littafin ya shiga jerin waɗanda ɗalibai ke nazarta, kuɗin bugu na biyu zai fito. Kuma kada ka tura wa kowa cikakken littafin ta WhatsApp kafin ya shiga kasuwa, ko da amininka ne.