Hoton Zuci: Yadda Hobbes Ya Sake Fassara Aristotal

'Yan uwa ɗalibai, in muka kalli fitila sannan muka rufe ido, muna ci gaba da ganinta a zuci. Wannan shi ake kira surantawa, kuma masana falsafa sun daɗe suna muhawara a kanta.

Aristotal na ƙasar Girka, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafinsa kan rai ya bayyana cewa ido na karɓar siffar abu ba tare da jikin abin ba, kamar yadda kakin zuma ke ɗaukar tambarin zobe ya bar ƙarfen. Surantawa kuwa motsi ce da gani ko ji ke haifarwa. A ganinsa, mutum ba ya tunani sai da hoton zuci, amma hankali baiwa ce ta daban da ke sama da hoton.

Thomas Hobbes na Ingila (1588-1679) ya karanta Aristotal a Jami'ar Oxford. A littafinsa Leviathan na 1651 ya riƙe batun motsi, ya watsar da batun siffa. Ya ari ka'idar Galileo cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi. Abin da muke kallo yana tura motsi ta ido da jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma motsin ba ya yankewa nan take, kamar igiyar ruwa bayan iska ta lafa. Ke nan surantawa gani ne da ke dushewa, in ya tsufa mu kira shi tunawa. Har dodon tatsuniya mai kan mutum da jikin doki, haɗin abubuwa biyu ne da ido ya taɓa gani.

Hobbes ya yi rubutun ne a zamanin yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642. Ya yi gargaɗi cewa mai kasa bambance mafarki da gani na zahiri, shi mayaudara ke tsoratawa da fatalwa da fassarar mafarki ta ƙarya, su juya shi yadda suke so.

Ba dole mu yarda da Hobbes ba, domin da wuya a ce lissafi da sanin adalci ragowar gani ne kawai. Amma kafin mu yaɗa labarin da ya firgita mu, mu tambayi kanmu: mun gani ne, ko mun suranta?